Ɗan Wasan Talabijin a Kujerar Darakta: Gadon da Kaduna Ta Bari

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasan da ke sharhin finafinan Hausa, musamman waɗanda suka ɗan leƙa makarantar koyon fim ko suka sha kallon darussa a YouTube. Cewa suke yi duk ɗan wasan da ya taso a diramar talabijin, in ya hau kujerar darakta, rediyo mai hoto zai yi maka. Zai kafe kyamara wuri guda, ya jera mutane a kan tabarma ko kujerun falo, su yi ta zuba har minti biyar ba a yanka ba. Wasu ma har suna ɗora wa tsofaffin 'yan dirama alhakin duk wata nawa da ake gani a finafinanmu na yau. Ana yin wannan magana har a nan Kaduna, garin da ya fi kowane gari cancantar ya ƙi ta. Ni ban yarda da ita ba. Abin da suke kira aibi, a wurina shi ne abu mafi tsada da makarantar diramar talabijin ta bar mana, kuma mun kusa zubar da shi.

Tarihin sananne ne. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, shekara uku bayan na Ibadan. A 1977 aka kafa NTA ta haɗe gidajen talabijin na ƙasa, ɓangaren rediyon kuma daga baya ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Daga wannan gida ne aka ji Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan da Duniya Budurwar Wawa, aka ga Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Kasimu Yero. Jos na da Karkuzu, Sakkwato na da Idon Matambayi, Kano na da Kuliya. Ta ɓangaren silima, Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Sai 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, kasuwar bidiyo ta buɗe. Sangaya ya zo a 1999 da rawa da waƙarsa, Wasila na kamfanin Lerawa da ke Kaduna ya biyo baya a 2000, ita ma mujallar Fim a Kaduna Ibrahim Sheme ya kafa ta a 1999. Daga nan labari ya sha bamban.

Waɗanda suka tsallaka daga gaban kyamarar talabijin zuwa bayan kyamarar fim, sunayen da suka fi fitowa daga Kano da Jos suke. Ibrahim Mandawari ɗan Tumbin Giwa ne, ya yi wasa a talabijin kafin kaset, ya fito a Turmin Danya, sannan ya kafa kamfaninsa yana shiryawa yana ba da umarni. Sani Mu'azu ya goge a NTA Jos, ya ba da umarnin Hafsah, ya shugabanci ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN, kuma har yau ana ganin sa gaban kyamara, daga Lionheart zuwa Kwana Casa'in. A Kudu ma haka abin ya faro, domin wanda ya ba da umarnin Living in Bondage a 1992, Chris Obi Rapu, ma'aikacin NTA ne. Manyan Kaduna kuwa, irin su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, ba da darakcin bidiyo aka san su ba. Kasuwa ta tafi Kano, ta tafi da samari da 'yan mata masu rawa, aka bar dattawan da suka fi kowa sanin yadda Bahaushe ke magana a gaban Bahaushe ana kiran su jefi-jefi su fito a uba ko sarki. Da a ce su aka ɗora a kan kujerar a shekarun 1990, da fim ɗin Hausa bai ɗauki kamannin da ya ɗauka ba.

Me suka sani wanda wasu ba su sani ba? Sai an duba yadda ake yin wasan. Galibi ba a rubuta wa ɗan wasa zancen da zai faɗa. Furodusa zai zo da ƙashin labari: wane ya ci bashin wane, matar wane ta yi yaji, a fitowa ta uku asiri zai tonu. A zauna a tattauna, a gwada sau ɗaya ko biyu, a shiga sutudiyo. Kyamarorin manya ne masu nauyi, kaset ɗin ɗauka ba ya wadata, tace hoto kuma aiki ne mai wuya, saboda haka fitowa takan tafi a miƙe daga sallama har sallama. In ka yi tuntuɓe a tsakiya, kai za ka san yadda za ka tashi ba tare da mai kallo ya lura ba, abokin wasanka kuma ya tare maka. Mako mai zuwa a sake. Na yarda rashin kayan aiki ne ya haifi wannan salo. Amma abin da rashi ya haifa, shekaru sun mai da shi gwaninta, kuma gwanintar ba ta mutu ba don kayan aiki sun samu.

Bari in ɗauki fitowa guda mu dube ta da kyau. Ba daga wani wasa takamaimai na ciro ta ba, irinta ce ta cika waɗancan wasanni, kuma duk wanda ya girma a Unguwar Shanu ko Kawo ko Badarawa ya taɓa ganin ta a zahiri. Mata ta yi yaji, miji ya zo biko tare da abokinsa. Uban matar na zaune a zaure kan buzu, carbi a hannu, 'yar rediyo a gefe. Suka yi sallama daga waje. Bai amsa nan take ba, sai da ya kai ƙarshen abin da yake ja. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa, suka shigo a sunkuye. Akwai tabarma a naɗe jingine da bango, tsohon bai ce a shimfiɗa ba. Suka durƙusa a ƙasa. Abokin ne a gaba, mijin ya ɗan ja baya, kansa a ƙasa.

"Baba, barka da hutawa."

"Barka kadai."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya wajen su Malam? Ya kasuwa? Ya yaran?"

Duk abokin yake tambaya. Yana yi yana faɗaɗawa, har da tambayar jikin wata gwaggo da aka ce ba ta da lafiya, kamar dai mutum ɗaya ne ya shigo zauren. Mijin na can yana zanen ƙasa da yatsa. Sai da gaisuwa ta ƙare, aka yi shiru, sannan tsohon ya juya kaɗan, ba tare da ya dube shi sosai ba.

"Kai kuma, ya iyali?"

Ga wasan nan gaba ɗaya. Iyalin da ake tambaya tana cikin gidan nan, bayan wannan bango. Tsohon ya sani, mijin ya sani, abokin ya sani, mai kallo ya sani. Ba zai iya cewa lafiya lau ba, ba zai iya yin shiru ga surukinsa ba. Sai ya ce "Alhamdu lillahi" can ƙasan maƙoshi, daga cikin gida kuma sautin dakan da ake ji tun shigowarsu ya tsaya. Abokin ya gyara durƙuso ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, dama tafe muke."

Yanzu a ba darakta na zamani wannan fitowa. Zai fara da ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ya nuno mana rufin unguwa. Sai ƙofar gida. Gaisuwar zai datse ta, don a ganinsa ɓata lokaci ce, labari bai fara ba tukuna. Zai kai mu kai tsaye wurin ban haƙuri, ya cika allo da fuskar tsoho, ya yanka ya cika shi da fuskar miji, ya sake yankawa, ya sa kiɗan tausayi a ƙasa don kada mu manta cewa abin baƙin ciki ne. Hoton zai yi kyau, hasken zai yi kyau. Amma me ya salwanta? Tabarmar da ba a shimfiɗa ba ta salwanta, domin ba ta cikin fuskar kowa. Tazarar da ke tsakanin buzu da gwiwar miji ta salwanta. Bambancin tsawo tsakanin na zaune da na durƙushe, da ja bayan da mijin ya yi ya ɓuya a kafaɗar abokinsa, duk sun tafi. Mafi girma, lokacin ya tafi. Tambayar nan ta "ya iyali" ba ta da kaifi sai an bar mu mun ji tsawon gaisuwar da aka yi wa abokin, mun ƙirga da kanmu irin tambayoyin da aka hana mijin, mun fara jin nauyin da yake ji. In ka datse minti ɗaya da rabi na gaisuwa, ka datse abin da ya sa kalmomi biyu suka zama hukunci.

A nan ne nake ganin masu sukar ba su fahimci al'ummar da suke yi wa fim ba. Dabarar cika allo da fuska ta taso ne a wuraren da mutane ke duban juna ido cikin ido su faɗi abin da ke ransu. Mu kuwa yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba, suruki ba ya buɗe baki gaban suruki, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗan farinta, mai neman alfarma sai ya kewaya kafin ya iso. Abin da ke cikin zuciya a jiki yake fita: inda ka zauna, yadda ka zauna, wa ya fara magana, wa aka ba ruwa, wa aka bari a tsaye, wa ya cire hula ya sosa kai. Fuskar mai kunya a rufe take, in ka kawo kyamara dab da ita ba abin da za ka samu sai ɗan wasan ya yi maka ƙarya, ya zaro ido ko ya matso hawaye. Shi ya sa ake yawan kuka a finafinanmu, irin kukan da ba a yi a gidajenmu. Kyamarar ce ta matsa wa ɗan wasa sai ya ba ta wani abu. Hoton da ya ja baya ya ɗauki mutum uku da bango da ƙofa, shi ne ya dace da mutanen da maganarsu ke tsakaninsu.

Kuma kada wani ya ce wannan ƙauyanci ne a harkar fim. Yasujiro Ozu na Japan, wanda ya yi Tokyo Story a 1953, ya shahara da ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, daidai idon mutumin da ke zaune a kan tabarma, kuma da ƙyar yake motsa ta. Mutanensa a ƙasa suke zama, masu kunya ne da kawaici, ya nemo musu hoton da ya yi daidai da zamansu. Yau ana lissafa fim ɗin cikin mafiya daraja da aka taɓa yi a duniya. Ɗalibin da zai yaba wa Ozu a aji, ya fito ya raina zauren Karambana, bai gane abin da ya yaba ba.

Samanja ya isa misali na biyu. Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Fategi, an haife shi a 1942, ya yi aikin rediyo a Kaduna, ya kuma sa kakin soja da gaske. Kaduna garin bariki ne, ga hedkwatar runduna ta ɗaya a Kawo, ga makarantar horar da hafsoshi da aka buɗe a 1964, kuma gari ne da kusan kowa zuwa ya yi. Hausar da ya sa a bakin Samanja, wadda ta cakuɗe da Turancin bariki da buroka, Hausar titin garin ce, duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san mai irin wannan baki. Mutane sukan tsaya a kan harshen su yi dariya, su wuce. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina muƙamin ne. Samanja a tsakiya yake, kurata na ƙasa da shi, hafsoshi na sama. Yana cikin kumbura yana daka wa kurtu tsawa, hafsa ya shigo, nan take ƙirji ya sake wani tsayi, murya ta sauya, mutumin da ke ba da oda ya koma mai karɓa. Daɗin abin yana cikin ganin sauyin a lokacin da yake faruwa, da kurtun a gefe yana kallon ubangidansa ya zama yaron wani. Yanka hoton gida uku, ka ba kowa fuskarsa, za ka samu mutum uku suna magana, amma barikin ya ɓace. Talaka ma'aikaci da ke kallo a Tudun Wada ko Kabala ya ga kansa a nan, domin shi ma a ofis akwai na sama da shi, a gida akwai na ƙasa da shi.

Kasimu Yero kuma ya nuna cewa wannan makaranta ba ta barkwanci kaɗai ba ce. Mutumin da ya ba mu dariya a Karambana shi ne Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980 cikin Turanci, ƙasa gaba ɗaya ta san shi, ya kuma fito a Magana Jari Ce na talabijin da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. A ganina babbar baiwarsa sauraro ce. Ka bar mai magana ka dubi Kasimu lokacin da ba shi ke magana ba, za ka ga wasan bai tsaya a jikinsa ba, yana auna abin da ake faɗa, yana shirya amsa, wani lokaci gira kaɗai za ta gaya maka bai yarda ba. Wanda aka ba rubutaccen zance ya haddace ba ya sauraro, jira yake a zo layinsa. Wanda bai san abin da abokin wasansa zai faɗa ba, dole ya kasa kunne da gaske, kuma kyamara na ganin bambancin.

Wannan ya kawo mu ga zargi na biyu, wai wasa ba rubutu sakaci ne. Ina goyon bayan rubutu, labari mai tsawo ba ya tsayuwa sai da shi, kuma Kaduna ba ta rasa marubuta ba: Yusuf Ladan marubuci ne, Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna da Brendan Shehu ya mayar fim. Amma a saurari zancen da ake rubuta wa 'yan wasa a yau. Sau da yawa za ka ji jimlar da aka yi tunaninta da Turanci ko aka kwaso daga fassarar fim ɗin Indiya, aka sa mata rigar Hausa. Saurayi na gaya wa budurwa maganar da ba wani saurayi a Malali ko Rigasa da zai iya furtawa bai ji kunyar kansa ba. Ɗa na tsaye ƙiƙam yana yi wa mahaifinsa jawabi. Tsohon ɗan dirama ba zai faɗi irin wannan ba ko an rubuta masa, bakinsa zai ƙi, ya gyara ta ta koma yadda ake faɗa. Mike Leigh na Ingila da haka yake gina finafinansa, ya tara 'yan wasa su yi ta gwaji suna ƙirƙiro zance kafin a tsayar da rubutu, kuma Secrets and Lies ya ci babbar kyautar bikin Kan na Faransa a 1996. Shi ana ce masa gwani. Namu da suka yi shekaru suna yin kusan haka kowane mako, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ana ce musu ba su san aiki ba.

Ban ce komai na waccan dirama daidai ne ba. Sauti kan yi rauni, haske kan yi dishi-dishi, bangon katako kan motsa in an rufe ƙofa. Gidan gwamnati ne, saboda haka wani lokaci sai a tsayar da wasa a yi wa manomi huɗubar taki ko a yi wa uwa ta rigakafi. Matan da ke ciki sau da yawa ba su wuce mai yaji da kishiya da dillaliya ba. Akwai kuma ranar da 'yan wasa kan yi ta kewaye ba su iso ba, ka ga lallai mintuna ake cikewa. Duk waɗannan gyararru ne, kuma kuɗi da rubutu mai kyau na gyara su. Abin da kuɗi ba ya sayowa shi ne kunnen da ya san lokacin da shiru ya isa da lokacin da bai isa ba.

To wa ke da wannan kunne? Wanda ya tsaya a wurin. Darakta da ya fito daga ɗaukar hoto ko tace hoto yakan zo da ido, ya san inda haske zai faɗo, kuma muna bukatarsa. Amma idan fitowa ta ƙi tafiya, abin da ya sani shi ne ya sauya wurin kyamara ko ya ce a sake, a sake, har ɗan wasa ya gaji ya koma itace. Wanda ya yi shekaru yana wasa ya san abin da ke damun mutumin da ke gabansa, domin ya taɓa damun sa. Ya san cewa wannan yarinyar tsoron dattijon da aka haɗa ta da shi take ji, sai ya bar tsoron ya yi masa aiki maimakon ya yi mata faɗa. Ya san ɗauka ta farko ko ta biyu ta fi rai. Ya san in tsoho ya ƙara wata kalma da ba ta cikin takarda, ba lallai kuskure ba ne. Clint Eastwood na Amurka ya yi wasa a Rawhide na talabijin daga 1959 zuwa 1965 kafin ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko a 1971, daga baya ya ci kyautar Oska ta darakta har sau biyu. An san shi da rashin daka tsawar fara ɗauka, a hankali yake cewa a fara, an kuma san shi da ƙin yawan maimaici. Ɗabi'un wanda ya san zafin tsayuwa gaban kyamara ke nan. Ron Howard ma daga wasan talabijin ya taso tun yana yaro, shi ma ya ci Oska. A can ba wanda ya ce musu rediyo mai hoto za su yi.

Abin lura kuma, masu sukar nan da waɗanda suke suka a baya jirgi ɗaya ya kwaso su. Na farkon shekarun 2000 sun ɗauko rawa da waƙa daga Indiya, na yanzu suna ɗauko yanke-yanken hoto da launi daga Legas da Turkiyya da Netflix. Kowa aro ya yi, kuma aro ba laifi ba ne. Sai dai salo ɗaya tak da aka gina a gida, aka auna shi da zaman Bahaushe da bakinsa mako bayan mako na tsawon shekaru, shi ne wanda kowane ɓangare ya tsallake.

Ga shi kuma zamani ya juyo da mu inda aka faro. Kasuwar faifai ta mutu. Tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019 da Labarina na Aminu Saira a 2020, ga Izzar So a YouTube, abin da Bahaushe ke bi yanzu wasa ne mai dogon zango, mako-mako, a falo ko a waya. Wato diramar talabijin. Wanda zai riƙe mai kallo shekara biyu ba zai riƙe shi da hoton rufin kwano daga sama ba, sai da mutanen da ake marmarin a sake zama da su. A duba yadda Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa ya shiga bakin jama'a a Labarina. Ba kyan hoto ya jawo haka ba, wasa ne irin na tsohuwar makaranta, na mutumin da ya san yadda ake jan zance da yadda ake sakin sa. Duk lokacin da aka bar irin waɗannan dattawa suka sake a cikin fitowa, kyamara ta ja baya ta yi haƙuri, nan ne wasan ke yin rai, kuma washegari nan ne ake yankowa ana turawa a WhatsApp.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Furodusan da ke neman wanda zai ba shi umarnin wasa mai dogon zango, ya fara dubawa cikin waɗanda suka daɗe suna wasa, ya haɗa shi da matashi mai ido a kan kyamara, kowa ya riƙe ɓangarensa. Matashin da ke son zama darakta kuma, kafin ya sayi jirgin ɗaukar hoto, ya shiga ƙungiyar dirama ya yi shekara biyu ana ba shi fitowar ɗan aike da maƙwabci, ya ji yadda ake ji idan an ce a fara kuma ba ka san abin da na gabanka zai faɗa ba. Makarantun da ke koyar da fim da wasan kwaikwayo, daga Cibiyar Fim ta Jos zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su sa Samanja da Karambana a cikin abin da ɗalibi zai zauna ya warware fitowa bayan fitowa, kamar yadda ake sa shi ya warware na Turawa.

Sai dai kafin a koyar, sai an samu abin nunawa. Da yawa daga cikin wasannin nan ba su tsira ba, wasu an ɗora wani shiri a kan kaset ɗinsu, wasu zafi da ƙura sun cinye, abin da ke yawo a YouTube guntaye ne da wasu masu kishi suka adana a gida. Kasimu Yero ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017, Kasagi a 2021, Samanja a watan Nuwamba na 2023, Allah ya jiƙan su. Akwai sauran waɗanda suka yi wasa da su, da masu ɗaukar hoto da furodusoshin da suka yi ritaya, suna nan cikin unguwannin garin nan. Ina roƙon NTA Kaduna da Rediyon Tarayya da Gidan Arewa da ke titin Rabah su haɗa hannu a tattaro duk kaset ɗin da ya rage a mayar da shi kwamfuta, a kuma bi dattawan nan gida-gida da kyamara a ɗauki bayanin yadda suke shirya fitowa. Mai karatu kuma, in akwai tsohon kaset na waɗannan wasanni a akwatin mahaifinka, kada ka zubar, ka nemi wanda zai juye shi.